Kajin Auta da Motar Dogo

Zuwa ga Yayana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da matarka. Yaya jikin, yaya kunnen? Na kira ka a waya kwanan baya, ina ta zuba kana ta cewa "wa ke magana", har kuɗin wayar suka ƙare ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Shi ya sa na koma takarda. Dogo direba, wanda ke kawo kayan lambu daga wajenku zuwa babbar kasuwarmu, ya ce zai riƙa kai maka, tunda ta bakin layinku yake bi idan zai koma.

Yaya, ka san tun rasuwar baban 'yarka, kajin nan da ya bari a bayan gida su ne cinmu, su ne shanmu, su ne makarantar yarinya. To yanzu su suke nema su cinye ni. Farashin abincinsu na safe ba shi ne na yamma ba. Mai shagon ma ya daina rubutawa a allo, wai alli ya yi tsada. Kaza kuwa ba ta san an yi ƙarin farashi ba. Gari na wayewa za ta buɗe baki.

Da ƙwan yana tashi yadda abincin ke tashi, da da sauƙi. Amma dillalin da ke ɗauka, Mai Kiret, kullum zance ɗaya gare shi. Zai ɗauki ƙwai ya ɗaga shi a rana kamar mai duba zinariya, ya ce, "Uwar kaji, kasuwa ta faɗi." Jiya na ce masa, "Kullum faɗuwa take yi a wurinka. Wa ke ɗaga ta kafin ta sake faɗuwa?" Ya yi dariya, ya kuma saya yadda yake so, don ya san ba ni da wani.

Ga kuma kashinsu. Da damina ta sauka ya jiƙe, wari ya cika layi. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya daina amsa gaisuwata sai da hanci a toshe. Mai amalanken da nake biya ya kwashe ya zubar shi ma ya yi ƙari, wai tayar amalanke ta hau.

Ba kuɗi nake roƙo ba, Yaya, shawara nake nema. Kai ne babba, kai ne uba yanzu. 'Yarka ta rubuto daga makaranta tana gaida Kawunta. A gaida matarka da kyau.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Takardarki ta iso ta hannun Dogo, na karanta ta a tsanake, na kuma sake karantawa. Muna nan lafiya. Kunnen yana nan yadda jirgi ya bar shi.

Abin da kika faɗa ba ke kaɗai ya shafa ba. Kuɗi a zamanin nan sun zama ƙanƙara a tafin hannu: kana riƙe da su suna zama ruwa. Mai albashi yana kuka, mai shago yana kuka, wanda ya yi ajiya ya fi kowa kuka, domin abin da ya tara don ya sayi saniya yanzu ko akuya ba ya kamawa. Masu lambun da ke bakin rafin nan bayan gidanmu, da nake ganin su ba ruwansu da kasuwa tunda ƙasa suke tonawa, su ma takin zamani ya fi ƙarfinsu. Wasu sun ce rabin fili za su shuka bana.

Shekarun da na yi ina shugaban tashar jirgin ƙasa sun koya mini abu ɗaya. Idan tarago ya ƙwace a gangara, ba a tare shi da ƙirji, kauce masa ake yi. Tsadar nan tarago ce da ta ƙwace. Shawarata ita ce ki sayar da kajin tun suna da tsoka a jikinsu, kafin yunwa ta rage musu daraja. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ki ba da gidan haya, abin da ya fito ya riƙe yarinya a makaranta, ke kuma ki tattaro ki dawo wurinmu. Yara duk sun watse, ɗakuna suna nan babu kowa. Fanshona, alhamdu lillahi, yana isar mu, kuma bakin mutum ɗaya ba zai karya tukunya ba.

Na san kajin nan abin da marigayi ya bari ne, rabuwa da su ba daɗi. Amma ba ya bar su don su zame miki ciwo ba ne. Ki yi tunani, ki sanar da ni ranar da za ki taso, in shirya.

Allah ya yi wa yarinya albarka, ya jiƙan mahaifinta.

Yayanki

*

Auta ƙanwar mijina,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ni da alƙalami sai dole. Wannan takarda Dogo na damƙa wa a hannu na ja masa kunne. Yayanki bai san da ita ba, kuma kada ya sani.

Na ga abin da ya rubuta miki, don a kan tabarmata ya rubuta. Wurin da ya ce fansho yana isar mu, na kusa ƙwarewa da ruwa. Auta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Fanshon nan sai ya ga dama yake zuwa, in ya zo kuma ba ya kai mu tsakiyar wata. Maganin hawan jininsa raba ƙwayar yake yi biyu da reza, wai likita ne ya ce. Ba likitan da ya ce. Kullum da safe sai ya sa rigar da na goge masa, ya ɗauki jaka, ya tafi tsohuwar tasha ya zauna a ƙarƙashin bishiya har rana ta take, sannan ya dawo yana share zufa kamar wanda ya sallami jirgi. Don kada maƙwabta su ce ba shi da abin yi. Zaman nan yana cin sa fiye da rashin kuɗin.

Ba korar ki nake yi ba, Allah ya sani. In kika zo, abin da muka samu shi za mu ci tare. Amma ke kina da sana'a a hannu, mu ba mu da ita. Mai tsaye ba ya zama don ya taya na zaune zama.

Ga abin da ya tsaya mini. Ina jin yana karanta takardarki da ƙarfi, kin san kurma ba ya karatu a hankali, sai na ji wai biya kike yi a zubar miki da kashin kaji. Biya. Mu nan matar wani mai lambu har gida ta zo tana roƙon in bar ta ta share ƙarƙashin tantabarun maƙwabta. Abin da ke hana ki gaisawa da mai rediyo, shi mutanen nan suke nema ido rufe. Motar Dogo kuma ina ganin ta kullum tana dawowa wayam, sai kwanduna suna rawa a baya.

Ni dai ban yi boko mai zurfi ba, amma na san ɗaya da ɗaya. In za ki yi maganar, ki yi ta yadda zai ga kamar shi ya tuna. Kin san halin gidanku.

Taki,
Matar Yayanki

*

Zuwa ga Yayana,

Sallama da girmamawa. Na gode da takardarka, na gode da ɗakin da ka yi mini tayi. Na yi kuka da na karanta, don tun da aka yi rasuwar nan ba wanda ya ce mini "taho" sai kai.

Amma layi ɗaya a cikin takardar ya hana ni sukuni, inda ka ce takin zamani ya fi ƙarfin masu lambunku. Na san ba a banza ka saka shi ba, kai ba ka magana a banza. Na juya shi na juya, sai na gane inda ka dosa: ni ina biya a raba ni da taki, su suna neman taki ba su samu, ga Dogo yana komawa da mota ba kaya. Ashe amsar tana cikin takardarka.

Sai dai ni mace ce a wani gari, ba su san ni ba, ban san su ba. Kai kuwa kowa ya san ka da gaskiya, kuma harkar ɗaukar kaya daga wani wuri zuwa wani ai a hannunka ta tsufa. Ba taimako nake nema ba, haɗa hannu nake so mu yi. Kai ne can, ni ce nan, abin da Allah ya kawo mu raba. In ka ƙi, ba yadda zan yi, sai in kira Mai Kiret ya yi wa kajin kuɗi.

Na sayar da tsofaffin da suka rage ƙwai don in ciyar da sauran, hakan zai ɗan riƙe ni. Na shanya buhu biyu sun bushe ƙarau, Dogo zai sauke maka. Ka kai musu su gani, gani ya kori ji.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Aminci da rahama su tabbata a gare ki. Buhunan sun iso.

Ba zan ɓoye miki ba, da farko raina ya sosu. Na ce wa matata, ni da na yi shekaru ina ɗaga tuta jirgi ya tashi, yau ni ne dillalin kashin kaji? Ta ce, "Kashin kaji dai bai taɓa makara ba." Washegari na ɗora buhu ɗaya a keke na gangara rafi.

Babban masu lambun wani dattijo ne da suke kira Tsohon Lambu, mutum mai ƙarancin magana. Na same shi yana gyara kwalbatin ruwa. Na kwance buhun. Ya cusa hannu har gwiwa, ya ɗebo, ya murtsuka, ya shinshina. Ya ce, "Na masu ƙwai ne."

Na ce, "Na ƙanwata ne."

Ya ce, "Nawa take da shi?"

Na ce, "Muddin kaji suna ci, ba ya yankewa."

Sai ya ce, "Shugaban tasha, ba za mu yi maka ƙarya ba, kuɗi babu sai mun sayar da amfani. Amma akwai masarar bara a ɗakunanmu, wadda ta ɗan karye, 'yan kasuwa suna raina ta. Kaza ba za ta raina ba. Ga kuma ganyen kabeji da latas da muke zubarwa."

A nan na ga abin da kyau. Ke ba kuɗi kike bukata ba, abin da kaza za ta ci kike bukata. Su ba kuɗi suke bukata ba, abin da ƙasa za ta ci suke bukata. Kuɗin da ke narkewa a hannu, to mu bi ta bayansu mu wuce. Muka yi ciniki a tsaye, masara da ganye a madadin taki, aka kira mutum biyu suka shaida. Rabona kuma zai fito daga rarar takin da zan sayar wa masu gonar da ke da kuɗi a hannu.

Dogo ya yarda da ɗan abin da za a ba shi na mai, tunda ko da kaya ko babu sai ya dawo. Sharaɗina a gare ki: a shanya shi ya bushe sosai, a ɗaure bakin buhu tamau, kuma kaya su kasance a bakin ƙofa kafin mota ta iso. Mota ba ta jiran kaya, kaya ke jiran mota.

Masarar farko tana tafe da wannan takarda. Ki kai injin niƙa a ɓarza miki, kada a yi gari.

Maganar sayar da kaji, a jingine ta tukuna.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama. Ka yi haƙuri, yau gaisuwar gajera ce.

Ka san komai yana tafiya daidai. Kaji sun karɓi masarar, ina haɗa musu da dusa da ɗan na shago, kuɗin abinci ya sauko ƙwarai. Da ka ce masu lambu suna neman ƙari, sai na bi gidajen masu kaji na unguwarmu na ce su daina biyan mai amalanke, su kawo mini. Suka kawo kuwa, har da godiya. Bayan gidana ya zama tsauni.

To lodin da ya wuce ruwa ya kama Dogo a hanya, kaya a buɗe. Buhuna suka jiƙe, ruwan ya tsiyaye ya shiga katakon motar. Ya wanke iya wankewa, ya ɗora tumatir washegari. Da ya iso kasuwa 'yan sari suka ce kayan suna wari, suka karya farashi. Magana ta kai kunnen mai motar. Yau Dogo ya zo mini ko zama bai yi ba, ya ce, "Uwar kaji, an ce in na sake ɗora ko buhu ɗaya, in ajiye makulli. Ina da 'ya'ya." Takardar nan ma ban sani ba ko zai yarda ya karɓa.

Bai daɗe da fita ba sai ga duba-gari, mutum biyu da hular aiki. An kai ƙara. Ban tambayi wanda ya kai ba, na dai ga mai rediyo ya duƙufa a kan aikinsa ko ɗagowa bai yi ba. Kuma gaskiyarsa ce, Yaya, ni kaina da ƙyar nake shaƙar iska. Suka zagaya, suka ce kafin ƙarshen wata ko tsaunin ya tashi ko kajin su tashi. Ko zan biya mai amalanke, yanzu abin ya fi ƙarfin amalanke, ya kuma fi ƙarfin aljihuna.

Labari ba ya kwana. La'asar ba ta yi ba sai ga Mai Kiret da murmushi har kunne. Wai ya ji abin da ya faru, ya zo jaje, kuma don zumunci zai kwashe kajin duka ya huce mini wahala. Abin da ya taya, ko kuɗin akurkin bai kai ba. Na ce ya ba ni lokaci. Ya ce, "Lokacin ai ba nawa ba ne, na duba-gari ne."

Na ɗebo da zafi, Yaya. In ka ga babu hanya ka faɗa mini gaskiya, in sayar tun kafin a zo a kwashe su a banza. Ban gaya wa yarinya ba, tana cikin jarrabawa.

Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Aminci ya tabbata a gare ki. Kada ki sayar da ko gashin kaza ɗaya. Ki karanta har ƙarshe.

Da takardarki ta iso na sa riga na tafi gidan mai motar. Mutum ne mai faɗa amma ba azzalumi ba. Ya bar ni a tsaye ya yi ta zazzagawa, ni kuma rabin abin da ya faɗa ban ji ba, wanda hakan ya taimaka. Da ya gaji na ce masa, "Ka yi gaskiya, an yi maka ɓarna, kuma laifin namu ne da muka ɗora kaya ba rufi. Amma ni na yi aiki inda tarago ɗaya zai kawo shanu da fatu yau, jibi ya koma da sukari, ba a taɓa dawo mana da buhu ɗaya ba. Ka ba ni motar wuni guda. In ka ji wari bayan nan, ba za ka sake ganina a ƙofarka ba."

Ya ce, "Kai da kanka za ka wanke?"

Na ce, "Ni da kaina."

Muka kai ta bakin rafi ni da Dogo. Na naɗe hannun riga. Muka kankare katakon da burushi, muka jiƙa farar ƙasa muka shafe ciki har lungu-lungu, muka bar rana ta yi aikinta, sannan muka ɗauraye. Bayana ya gaya mini shekaruna, amma rabon da in ji daɗin gajiya irin wannan na manta. Da ta bushe na sayi biredi mai zafi na ajiye a tsakiyar motar, muka rufe. Kin san ba abin da ke kwasar wari kamar biredi. Da yamma na kai wa mai motar, na ce ya ba uwargidansa ta ci ba tare da an gaya mata komai ba. Aka shiga da shi. Can sai ga yarinyar gidan ta fito, wai an ce a ina aka sayo, a ƙaro.

Duk da haka ya tsaya yana jan ƙafa, yana cewa damina ba ta ƙare ba. Ana cikin haka sai ga Tsohon Lambu da mutanensa sun shigo, ko wanka ba su yi ba, ɗauke da manyan tamfol guda biyu na rufe amfaninsu. Ban kira su ba, matata ce ta kai musu labari. Tsohon ya ajiye tamfol ya ce, "Ɗaya a shimfiɗa, ɗaya a rufa. Mun zuba takin nan, mun ga yadda ganye ya yi duhu. Motar da ba za ta dawo mana da taki ba, ba za ta tafi da tumatirinmu ba. Motoci suna da yawa."

Mai motar ya dube su, ya dube ni, ya yi lissafinsa a zuci. Sai ya ce, "To ai ni ban ce a daina ba, cewa na yi a gyara." Muka ce haka ne, haka muka ji. Kafin mu fito har ya tambaya ko kayan za su isa mota biyu, don yana da wata da ke dawowa wayam.

Saboda haka motoci biyu suna tafe jibi, kuma ina gaban ta Dogo. Zuwa da kai ya fi aike. Ki nemo masu lodi, ki tanadi tsintsiya.

Yayanki

*

Zuwa ga matar Yayana,

Gaisuwa da godiya wadda baki ba zai iya ba. Na daɗe ban rubuto ba, aiki ne ya sha kaina, kuma wannan karon aikin daɗi ne. Na san ya ba ki labari, amma na san irin labarinsa, kamar rahoton ofis. Bari ki ji nawa.

Ranar da suka zo, da kin ga mijinki. Ya sauko daga gaban mota da jakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana nuna wa masu lodi da yatsa, wannan nan, wancan can, ba wanda ya isa ya jefa buhu. Har usur ya zo da shi. Duk layin aka fito kallo. Kafin rana ta yi zafi tsaunin nan ya tashi, muka share, muka zuba farar ƙasa. Da duba-gari suka dawo, babbansu ya zagaya yana buɗe hanci bai sami abin kamawa ba, ƙarshe ya tambaye ni ko ana sayar da ƙwai ɗai-ɗai. Mai rediyo kuwa na aika masa da kiret guda na ce a ba yara. Da yamma ya zo da kansa yana sosa ƙeya. Na ce a bar kaza cikin gashinta, maƙwabci ya fi ɗan'uwa na nesa. Yanzu shi ke kira mini Dogo in wayata ba caji.

Abin da ban zata ba shi ne ganyen. Tunda kaji suka fara cin ganye da jar masara, gwaiduwar ƙwansu ta koma ja kamar rana za ta faɗi. Wata mai gidan biredi da kek ta saya sau ɗaya, washegari ta zo da mota tana tambayar gidan uwar kaji. Yanzu ita ke ɗaukar yawanci, farashin kasuwa, ba dillali a tsakani. Masu kajin unguwa da ke kawo mini taki su ma ina raba musu masara gwargwadon abin da suka kawo, kuma mun haɗa kai ba mai sayar da ƙwai a ɓoye.

Mai Kiret ya zo makon jiya. Ya ɗauki ƙwai zai ɗaga a rana, na ce, "Ajiye, an saya." Ya ce ko kiret biyar a taimaka masa, masu shayi sun dame shi. Na ce, "Yaya kasuwar, ta faɗi?" Ya ce, "Wallahi ta ɗan tashi." Na sayar masa, don ba gaba nake yi da shi ba, amma ni na faɗi farashi, shi ya ce to.

Ba wai tsada ta sauka ba ne, kin fi ni sani. Sabulu ya ƙara, wuta ta ƙara, jiya na sayi man girki na tsaya ina kallon kwalbar kamar za ta ba ni haƙuri. Amma yanzu in abu ya hau ina da abin da zan bi shi da shi. Na biya wa yarinya zangon da ke tafe tun ba a tambaya ba, na kuma yi odar sababbin 'yan tsaki.

Wata magana tsakanina da ke. Zuwan Yaya na baya, da muka raba abin da aka samu, ya ce zai ɗan zagaya ya ga gari. Na hango shi ya shiga kemis ɗin bakin titi, ya fito da leda cike, ya tura ta can ƙasan jaka. Na yi kamar ina duba kaji. Har yanzu yana gaya wa mutane yadda dabarar ta zo masa yana cikin rubuta mini takarda, ni kuma ina cewa ai Yaya kai ne. Ladanki yana wurin Allah, amma ga turmin zane nan wurin Dogo kafin nan.

Taki har kullum,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Aminci ya tabbata a gare ki. Kaya sun iso lafiya, masara tana tafe. An fara girbi, Tsohon Lambu ya ce bana sabuwa za su ba ki.

Wata matsala ce ta taso a gida. Matata ta sayi 'yan tsaki, ta sa kafinta ya buga mata akurki a bayan ɗakin girki. Na yi murna, na ce to ga taki a kusa. Ta ce sai dai in saya. Na taya, ta ce kasuwa ta tashi, kuma akwai wani mai lambu da ya riga ni magana.

Yau kwana da kwanaki muna ciniki ba mu daidaita ba. Ke kika san kan harkar nan, kuma tana jin maganarki. Ki shigo motar Dogo ki zo ki raba mu.

Yayanki